Daɓen Rumawa da Kyautar da Na Ƙi Karɓa

A ranar walimar auren 'yata Hauwa'u, ina zaune a ƙofar falo ana ta shige da fice, na ji ɗana Sadiku yana ba abokan ango labarin yadda aka yi kuka baro Doha ta ƙasar Qatar kuna yara. Da dariya ya faɗa, su ma suka taya shi: wai mahaifinsa ya watsa gida saboda hoton kifi. Ban tanka ba, domin ranar ba ta gyaran magana ba ce. Amma na lura babu ɗayanku da ya ce masa ba haka aka yi ba, daga nan na gane abin da kuka riƙe ke nan ku ukun. Saboda haka wannan babi naku ne, Nafisa da Sadiku da Hauwa'u. Zan faɗi abin da ya faru bi da bi, da wanda ya yi magana da abin da ya ce, kamar yadda na saba a duk aikin da na taɓa riƙewa. Ba na roƙon ku ba ni gaskiya. Ina so dai idan za ku yanke mini hukunci, ku yanke shi a kan abin da ya auku.

A wancan lokaci muna zaune a unguwar Al Thumama, a gidan da kamfani ya ba ni, mai bishiyar lemun tsami a tsakar gida wadda mahaifiyarku take shayarwa da ruwan wankin shinkafa. Ni injiniyan harsashin gini ne, aikina in san abin da ke ƙarƙashin ƙasa kafin a ɗora mata nauyi. Mai kamfanin wani dattijo ne ɗan ƙasa, ba zan ambaci sunansa ba domin ya rasu kuma yana da 'ya'ya. Shi ne kafil ɗina. Ma'anar wannan kalma, ko da yake kun tashi kuna jin ta, ban tabbata kun taɓa auna nauyinta ba: da sunansa nake zaune a ƙasar, ku kuma da mahaifiyarku da sunana kuke zaune. Gidan, makarantarku, katin asibiti, duk a igiya ɗaya suke rataye, kuma bakin igiyar yana hannunsa. Ban taɓa ganin sharri daga gare shi ba kafin wannan shekara, wajibi ne in rubuta haka.

Kamfanin ya samu aikin gina otal a gaɓar tekun Libiya, aka tura ni in duba filin. Kafin in fara aiki wani abokin aiki ya kai ni Libda, tsohon birnin Rumawa da ke bakin Bahar Rum. Na karanta labarin Rumawa a makaranta kamar kowa, amma karatu bai shirya ni ba. Titi ne shimfiɗe da duwatsu, har yanzu ana ganin inda ƙafar keken doki ta cinye su. Ginshiƙan marmara, wasu a tsaye, wasu kwance cikin yashi kamar an yi musu jana'iza ba a gama rufewa ba. Kasuwa da teburan mahauta, wurin wanka da hanyoyin ruwansa, dandalin kallo mai hawa-hawa yana fuskantar teku. Babu kowa sai iska da 'yan awaki. Na yini a wurin ban iya cin abinci ba. Mutanen da suka yi wannan sun tafi, harshensu ya tafi, abin da suke bauta wa ya tafi, aikin hannunsu ne kaɗai ya ƙi tafiya.

Filinmu yana can gaba da birnin, wani tudu ne mai kallon ruwa. Ana cikin share ƙasar sama sai haƙorin katafila ya karci wani abu, direban ya tsaya ya kira ni. Muka sa hannu da tsintsiya. Abin da ya fito daɓe ne na wani gidan Rumawa, faɗinsa ya kai babban falo, an yi shi da ƙananan duwatsu masu launi, kowanne bai fi ƙwayar masara ba, an jera su ɗaya bayan ɗaya har suka zama zane. Teku ne aka zana, da masunta cikin kwalekwale suna jan taru, da kifaye iri-iri, ga wani babba ja a tsakiya yana juya jiki. Na ɗauko gorar ruwan shana na tsiyaya a tsakiyar daɓen don launin ya fito. Ruwan bai tsaya ba. Ya gangara a hankali, ya bi kusurwar gabas, ya shige wata 'yar magudana da maginin ya tanada. Ku da ba magina ba ne ba za ku ji abin da na ji ba. Ƙarni bisa ƙarni ƙasa tana danne da wannan daɓe, amma gangarar da mutumin ya auna tana nan daram. Na sha duba gine-ginen da aka gama bara ruwa yana kwanciya a banɗakunansu. Wannan magini bai san ni ba, bai san za a zo a duba aikinsa ba, amma bai yi ha'inci ba.

A nan na tuna ganuwar garinmu. Ina yaro tana da tsayin da sai mun ɗaga kai, muna hawanta mu hango gonaki. A kan idona aka cinye ta. Wannan ya zo da jaki ya ɗebi ƙasar yaɓe, wancan ya sare gefe ya faɗaɗa shagonsa, kowa yana cewa ɗan abin da ya ɗiba ba zai rage ta da komai ba. Babu wanda ya rushe ganuwar, amma yau babu ita. Tun ina saurayi wannan abu yake ci mini rai.

Na auna daɓen, na zana shi, na ɗauki hotuna, na sa aka rufe shi da yashi mai laushi. Na rubuta wa ofishinmu na Doha cewa dokar ƙasar ta wajabta a sanar da masu kula da kayan tarihi, kuma na nuna yadda za a matsar da ginin baya kaɗan ba tare da asara mai yawa ba. Amsar da na samu ita ce godiya, da umarnin in dawo Doha akwai wani aiki da ke jirana a unguwar Mu'aither. Na dawo da zuciya ɗaya, ina zaton an ji shawarata.

Wanda ya buɗe mini ido Alhaji Isaka ne, direban kamfani, dattijo mutumin zangon Kumasi, wanda muke sallar azahar tare. Ana saura kwanaki kaɗan babbar sallah na same shi a inuwar ma'ajiyar motoci yana dafe da ƙugu.

"Alhaji, lafiya kake tafiya kamar mai ɗauke da buhu?"

"Injiniya, bari kawai. Kaya ya zo daga Libiya cikin kwantenan injuna. Na ce wannan akwati nauyi kamar gawan giwa, mene ne ciki? Aka buɗe, wallahi kifi ne. Kifi na dutse. Ni da na ɗauka bayana ya karye, ko romo ba zan sha ba."

Na tambaye shi inda aka kai su. Ya ce wurin masu yin firam. Sun yanka daɓen da zarto gunduwa-gunduwa, za a sa wa kowane yanki katako mai ruwan zinariya, maigida zai raba wa manyan ma'aikata ranar sallah a majalisarsa.

"Naka ma yana ciki," in ji shi. "Babban, jan nan. Maigida da kansa ya ce na muhandis ne, wato kai injiniya, shi ya fara gani."

Da yamma na faɗa wa mahaifiyarku muna cin tuwo, ku kuna ɗaki kuna kallo. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ajiye cokalin miya.

"To, Allah ya kyauta. Sai ka karɓa ka yi godiya."

"Kayan sata ne, Hajiya."

"Kai ka sata?"

"In na karɓa na zama ɗaya daga cikinsu. Dalilin rabon ke nan. Wanda ya rataye yanki a falonsa ba zai sake buɗe baki ba."

"Malam, wa ya ce ka rataye? Ni ma ba na son hoton mai rai a ɗakina. Mu kai shi sito mu juya fuskarsa bango, kusa da buhun shinkafa. In ka ga dama kullum ka shiga ka ba shi haƙuri."

Na ce mata abin ba na wasa ba ne. Ta ce ita ma ba wasa take ba.

"An riga an yanka. Ƙin karɓarka zai mayar da shi ya haɗe? Mutanen da suka yi shi sun mutu tun kafin a haifi kakan kakanka, ba su san kana yi ba. Nafisa kuwa tana ɗakin nan, shekara ɗaya ta rage mata ta gama sakandare. Ita ta san kana yi."

Washegari ta kira Dakta Kabiru, abokina tun muna samari, likita ne a nan Doha kuma ya riga ni zuwa ƙasar. Ya zo da rigar aikinsa, ko zama bai yi sosai ba.

"Mutumina, ka daɗe a garin nan amma har yau ba ka san shi ba. A majalisa, ranar idi, gaban 'ya'yansa da baƙinsa, dattijo ya miƙo maka abu da hannunsa ka ƙi? Gara ka mare shi a ofis, wannan za a iya sasantawa. Ka karɓa, ka ce mashkur, wato na gode, ka sha gahawarka, ka girgiza kofi alamar ya ishe ka, khalas, shi ke nan. Bayan sallah ka rubuta duk takardar da kake so, na san hannunka yana ƙaiƙayi."

"In ba ni da lafiya ranar fa?"

"Zai aiko maka har gida, ya haɗa da zuma. Kuma ni ba zan rubuta maka takardar ciwon ƙarya ba, kai ma ba za ka karɓa ba. Mu biyu mun san juna."

Ina so ku sani cewa na fahimci duk abin da suka faɗa. Ba a rufe nake ba. Mu ma a gida mun san nauyin mayar wa babba kyautarsa, an tarbiyyantar da ni a kan haka kamar yadda aka tarbiyyantar da su. Na tafi majalisar ranar sallah ban gama yanke shawara ba, wannan ita ce gaskiya.

Majalisar doguwa ce, kujeru jere a jikin bango, turaren wuta ya cika ta, masu zuba gahawa suna zagayawa da dabino. Bayan gaishe-gaishe aka shigo da firam-firam ɗin aka jingine. Aka fara kiran suna. Na ga hannun masunci a wani, rabin kwalekwale a wani, taru an raba shi gida uku. Wanda ya riƙe zarton bai ma bi zanen ba, ya bi girman katakon da aka ba shi. Abokan aikina, mutane masu ilimi daga ƙasashe daban-daban, waɗanda suka san abin da suke karɓa sarai, kowa ya tashi ya rungumi nasa ana tafi. Da aka zo kaina dattijon ya miƙe da kansa, abin da bai yi wa kowa ba. Ya ɗauki jan kifin da hannu biyu, ga nauyi ga tsufa, ya tako har gabana yana murmushi. Har yau na yi imani cewa a zuciyarsa girmama ni yake yi. A gefen yankin, inda zarto ya bi, ƙananan duwatsun sun zube, an cike gurbin da siminti an shafa masa jan fenti.

Na miƙe tsaye. Hannuwana suka koma bayana, na riƙe ɗaya da ɗaya.

"Yalla, karɓi, ya muhandis," in ji shi, "hannuna ya gaji."

Na ce masa da Larabcin makaranta, wanda na san kowa a ɗakin zai ji: "Allah ya ƙara maka girma. Ba zan iya karɓa ba. Wannan ba naka ba ne balle ka ba ni."

Mai zuba gahawa ya tsaya da butarsa a sama. Dattijon ya ci gaba da riƙe abin har babban ɗansa ya taso ya karɓe shi.  Dattijon ya koma kujerarsa ya tambayi na kusa da shi labarin raƙumansa. Na yi sallama, ba a amsa ba, na fita na nemi takalmina.

Ya ba ni dama ta biyu, wannan ma wajibi ne in rubuta. Kwana biyu bayan haka na dawo daga masallaci na tarar da firam ɗin a falonmu an lulluɓe shi da zanen gado, Alhaji Isaka yana zaune a bakin kujera da kofin shayi bai sha ba. Saƙon da aka ba shi gajere ne: maigida ya ce zafin rana ne ya taɓa muhandis ranar idi, ga kayansa. In abin ya kwana a gidana, magana ta mutu.

Mahaifiyarku ta tsaya tsakanina da firam ɗin. Ban taɓa ganin ta roƙi wani abu a wurina kamar ranar ba. Ba ta ɗaga murya ba saboda baƙo.

"Ka riga ka faɗi gaskiyarka, kowa ya ji. Mutumin nan ya sauko ya ba ka hanya. Ba sai ka taɓa ba, ni zan ja shi in kai sito. Kwana ɗaya kawai, Malam. Ka bar mini gidana."

Alhaji Isaka ya ce, idonsa a ƙasa, "Injiniya, ka ji maganan Hajiya. Ni na ga mutane da yawa sun tafi filin jirgi da gaskiyansu cikin jaka."

 Na ce wa Alhaji ya kama mini gefe ɗaya. Muka fitar da shi muka sa a mota, na bi shi har ƙofar gidan dattijon, muka jingine a jikin bango wajen mai gadi. Da na dawo mahaifiyarku tana ninke zanen gadon. Ba ta yi mini magana ba sai bayan kwanaki.

Ba a kore ni ba. A nan ba a cika yin haka ba. An ɗauke ni daga aikin Mu'aither aka ba ni tebur a ɗakin ajiyar tsofaffin zane-zane, babu mai shigowa, babu mai kira. Na rubuta wa hukumomin da ya dace a can Libiya, da hotuna da awo, ban san ko takardar ta isa hannun kowa ba. Da kwantiragina ya ƙare aka ce ba za a sabunta ba. Dattijon ya sa hannu a takardar sakina ba tare da ja-in-ja ba, ya biya ni haƙƙina cif. Sai dai labarin majalisa ya riga ni zuwa kowane babban kamfani. Inda na samu aiki wani ƙaramin ɗan kwangila ne, albashinsa bai kai abin da hukuma ke nema kafin mutum ya riƙe iyali a ƙasar ba. A gida kuwa babu aikin da zai ɗauki karatunku. Lissafin bai da wuya: ni in zauna in aiko, ku ku tafi.

Kun tuna kwashe kaya, ba sai na faɗa muku ba. Nafisa ta bar ajinta ana tsakiyar shekara, ta koma ta maimaita a wata makarantar da ba ta san kowa ba, kuma na san daga nan ne ta daina ba ni labarin komai. Ni na koma unguwar Bin Omran, ɗaki ɗaya a gidan haya da muke raba kicin da mutum biyar, a saman shagon mai gyaran waya. Na ce muku shekara ɗaya ce. Sadiku ya mallaki hankalinsa ba na nan, Hauwa'u ta koyi karatu, ta waya take karanta mini. Ina zuwa hutu da jakunkuna, kuna gaishe ni da ladabi irin wanda ake yi wa baƙon da ake girmamawa.

Otal ɗin kuma ba a gama shi ba. Ƙasar ta rikice, kamfani ya janye. Wani da ya bi ta wurin ya nuna mini hoto: ginshiƙan kankare tsirara, rodi ya yi tsatsa ya fasa su, iskar teku tana cinye su tun ba su shekara ashirin ba. A gabansu akwai wani rami mai kusurwa huɗu cike da ciyawa. Don wannan aka yanka daɓen. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci kamar ranar farko, kuma har yau ban ga inda na yi kuskure a abin da na faɗa a majalisa ba. Abin ba nasa ba ne. Da za a sake miƙo mini, hannuwana baya za su koma. Amma na daina cewa abin bai ci komai ba, domin ba ni na biya mafi yawa ba.

Mahaifiyarku ta riƙe ku ita kaɗai duk waɗannan shekaru, ba ta taɓa zagina a gabanku ba, ba ta kuma taɓa sake tayar da maganar ba. Da ciwonta na ƙarshe ya yi tsanani ina nan Doha ina jiran a sa mini hannu a takardar hutu. Na kira ta da rana daga wurin aiki, na fita bayan kwantena inda babu ƙarar inji. Muryarta ta yi ƙasa sosai. Muka yi maganar magani da ta kuɗin makarantar Hauwa'u, sannan na tambaye ta abin da na daɗe ban iya tambaya ba, ko ta yafe mini.

Ta yi 'yar dariya, tari ya katse ta.

"Malam, ai tun kafin jirginmu ya tashi na yafe maka. Da ban yafe ba da ban iya riƙe maka yara ba."



"Amma ka ji," ta ce. "Na san ka, wata rana za ka zauna ka rubuta duk wannan. Ka rubuta na yafe. Kada ka rubuta na ce ka yi daidai."

Hutun ya fito bayan kwana biyu. Na sauka na tarar an riga an kai ta makwancinta.

Na rubuta yadda ta ce.